Dodon Ɓoye: Shin Zato Ya Isa Hujja?

A cikin fina-finan Turawa masu dogon zango da matasanmu ke kallo a waya, akwai wani nau'i da ya fi kowane kama musu zuciya, wato wanda ake ɓoye mugun labarin har sai an zo ƙarshe. Yaro zai je kasuwar Mafara ran Talata, ya miƙa wa mai shagon tura fina-finai 'yan canjinsa a cika masa waya, ya dawo gida su haɗa kai da ƙannensa. Daga nan kuma sai gardama: wannan ya ce malamin makarantar nan ne dodon, waccan ta ce a'a, wallahi likitan dabbobin ne, ba ka ga irin kallon da yake yi wa mutane ba? Uwa tana jin su daga madafa, ba ta san kan zancen ba.

To ga kan zancen, 'yar uwa. Ɗaya daga cikin fina-finan da suka yi suna a wannan fanni shi ne Teen Wolf, wanda tashar MTV ta Amurka ta nuna daga 2011 zuwa 2017, zango shida, kashi 100 cif. Labarin wasu 'yan sakandare ne a wani ƙirƙirarren gari mai suna Beacon Hills a jihar Kalifoniya, inda wata dabba ta ciji ɗayansu, Scott, cikin daji da dare, ya wayi gari yana rikiɗa ya koma kyarkeci duk lokacin da wata ya cika. Tun da wuri in faɗa, ba fim ne da zan ce a sakar wa yara ba, don akwai zubar da jini da shigar banza da irin soyayyar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba, amma wannan zance ne na wata rana. Abin da ya kawo ni gare shi yau shi ne tsarin labarin, wanda kusan kowane zango iri ɗaya ne: ana kashe mutane a gari, an san dodo ne ke yi, an kuma san cewa da rana dodon nan mutum ne kamar kowa, yana gaisawa da jama'a, sai dai ba a san ko wane ne ba.

A zango na farko dodon ya tashi Peter Hale ne, mutumin da ya shekara shida a gidan jinya bisa keken guragu, rabin fuskarsa a ƙone, ko magana ba ya yi. A na biyu wata halitta ce mai siffar ƙadangare, ashe Jackson ne, ɗan masu kuɗi, gwanin wasanni, wanda shi kansa bai san shi ke ɓarnar ba. A na uku malamar Turanci ce mai fara'a da sanyin murya, daga baya ma wani mugun ruhi ya shiga jikin Stiles, babban aminin jarumin, wanda duk fim ɗin babu wanda masu kallo suka fi so kamarsa. Shi kuwa mai kallo aikinsa ɗaya ne, zargi. Ya zargi wannan, ya wanke shi, ya koma kan wancan, kuma daɗin kallon ke nan.

Mu ba baƙin wannan dodo ba ne, kakanninmu sun san shi tun kafin a ƙirƙiro talabijin. Wace ce a cikinmu ba a yi wa tatsuniyar yarinyar nan da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba? Manema suka yi ta zuwa, a duba jikin wannan a ga inda lauje ya taɓa yanke shi, a duba na wancan a ga ƙwarzanen ƙaya, ta ce ba ta so. Dodo, a wasu garuruwan kuma maciji ake cewa, ya ji labari, ya rikiɗa ya zama santalelen saurayi mai fata sumul. Aka ɗaura aure, sai da aka yi nisa cikin daji sannan ya koma kamanninsa. Yawanci ƙanwarta ko ƙanenta da aka raina shi ke fara ganewa, shi ke kuma ceton ta. Yarbawa ma suna da irinta, har Amos Tutuola ya saka ta a littafinsa na 1952, inda angon ke mayar da gaɓoɓin da ya aro ɗaya bayan ɗaya sai da ya rage ƙoƙon kai kaɗai. Ban da tatsuniya kuma akwai abin da mutane da dama suka riƙe da gaske: maye mai ƙanƙara a ciki da ke kama kurwar yaro, da mutumin da ake cewa yana zama kura idan dare ya yi.

Da a ce abin ya tsaya a tatsuniya da fim, da ban ɓata tawada ba. Amma mu mutanen Dosara da sauran garuruwan Maradun, Bakura da Talata Mafara, tambayar “wane ne a cikinmu?” ta daɗe da barin allon waya ta shigo zaure. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe da tsakar dare aka kora 'ya'yan mutane daji, waɗanda aka sako ranar 2 ga Maris su 279 ne. A watan Agusta na wannan shekarar aka afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai 73 daga sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya. Waɗannan su ne duniya ta ji; waɗanda aka ɗauka a gona da hanyar kasuwa da cikin ɗakunansu, mu kaɗai muka san lissafinsu. Kuma duk ranar da aka shiga wani gida aka wuce na maƙwabci, aka nufi ɗakin da kuɗin shinkafa suke, washegari magana ɗaya ce a bakin kowa, da harshenmu na nan: “Wa yab ba su labari?” Kalmar infoma ta shigo Hausa ta zauna daram, har yaran goye sun san ta.

Kuma fa ba ƙarya ba ne, akwai su. Da ɗan gari akan ci gari. Gwamnati da kanta ta yarda da haka, shi ya sa a Satumba 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara na tsawon makonni, aka rufe kasuwannin mako-mako, a watan Yuni 2022 kuma aka sa hannu kan dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Saboda haka duk wadda ta ce mini, “Ke Malama, wadda aka ɗauke wa ɗiya ba ta da lokacin kyautata zato,” ba zan ce ta yi wauta ba. Hujjarta mai ƙarfi ce. Mugun da ya ɓuya ba zai zo ya ce ga ni ba. Idan sai an kama shi dumu-dumu sannan za a yi magana, to kafin nan an sake kwashe wasu. Ga alƙali nesa, ga tsoron kada ka kai ƙara da safe sunanka ya isa daji kafin la'asar. A irin wannan hali, in ji ta, gara a yi kuskure a kan mutum ɗaya da a rasa gari guda.

Tambayar ke nan, kuma tsohuwar tambaya ce: idan mugu ya ɓuya a cikin jama'a, ya halatta a farauto shi da zato?

Akwai abu guda da marubucin fim yake da shi wanda mu ba mu da shi. Shi ya san dodonsa tun kafin ya rubuta layin farko. Shi ya shuka alamun da mai kallo ke tsinta, wasu don su shiryar, wasu don su ɓatar, kuma ya yi alkawarin cewa a kashi na ƙarshe fiƙoƙi za su fito a gaban kyamara kowa ya gani da idonsa. Wanda aka zarga bisa kuskure za a wanke shi tas, a ci gaba da labari. Zargin mai kallo bai ci kowa komai ba, iyaka dai ƙanwarsa ta yi masa dariya. A ƙauye kuwa babu kashi na ƙarshe. Idan aka ce wance mayya ce, babu ranar da za a buɗe cikinta a ce ga ƙanƙara ko babu. Sunan zai bi ta har kabari, ya bi 'ya'yanta mata tunda an ce a nono ake sha, a daina sayen ƙosanta, manema su janye daga ƙofar gidan. Idan aka ce wane infoma ne, sau da yawa ba ya ma kai ga jin abin da ake tuhumarsa da shi. Yaron da ya saba da fim yana koyon cewa zargi wasan basira ne, wanda ya riga kowa canka shi ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Wannan darasin ya fi ba ni tsoro a kan jinin da ake zubarwa a allon.

Abin mamaki shi ne fim ɗin da kansa ya fi masu kallonsa sanin haka. A zango na farko, wanda gari ya ɗora wa laifi shi ne Derek, saurayi maraya marar fara'a da ke kwana a kangon gidansu da ya ƙone. An kama shi, an sake shi, sannan jarumin da bakinsa ya gaya wa 'yan sanda cewa Derek ne mai kisan, don kawai ya fita daga tambayoyi, bawan Allah ya koma gudun ɓuya. A zango na biyu an yi shirin kashe Lydia saboda an gwada ta da dafin halittar bai kama ta ba, aka ce ai shi ke nan ita ce. Ba ita ba ce. Gwajin da ake ganin ba ya ƙarya, shi ya kusa cin ran yarinya. Ki tuna wannan duk ranar da kika ji an ce an sa wata tsohuwa ta tsallaka marar lafiya kuma ya samu sauƙi, wai an tabbatar ke nan. Zazzaɓi yana sauka da kansa, kuma da ciwon ya ƙaru cewa za a yi ta ƙi sakin kurwar. Gwajin da ko ta ina ya faɗi mai laifi ce, ai ba gwaji ba ne.

Sannan a duba wa zato ke faɗawa a kai. Ba ya zaɓe da adalci. Ki koma tatsuniyar nan: masu tabon da yarinyar ta kora su ne mutanen kirki, tabonsu na noma ne da neman halal, dodon kuwa shi ne marar tabo. Amma mu idan muka tashi neman dodo, masu tabo muke bi. Tsohuwar da idonta ya yi ja saboda shekara hamsin tana hura murhu, gwauruwar da 'ya'yanta suka mutu ba ta da mai tsaya mata, mai taɓin hankali da ke magana shi kaɗai, baƙon da ya zo cin rani, Bafulatanar da ke kawo nono tun muna yara. Ba a taɓa jin an kira matar attajiri mayya a bainar jama'a ba, ba don ba a raya haka a zuci ba, sai don an san abin da zai biyo baya. Ashe ke nan ma'aunin ba alamar laifi ba ce, rashin gata ne.

A shekarar 2023, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Wudil ta jihar Kano, matar wani mutum ta yi mafarki cewa wata dattijuwa 'yar shekara 67 tana bin ta da wuƙa. Mijin ya tara mutane, suka sami tsohuwar a gonarta tana aiki, suka kashe ta. A watan Fabrairu 2025 babbar kotun jihar ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa. Mafarki fa, 'yar uwa. Rai ɗaya ya tafi, biyar suna jiran igiya, gidaje shida sun shiga uku, kuma farkon abin magana ce da mace ta faɗa wa mijinta da safe. Na ambaci wannan da gangan, domin sau da yawa hannun da ya ɗauki sanda na namiji ne, amma sunan a tsakar gida aka fara furta shi, ko a wajen ɗibar ruwa, ko a gidan suna.

Wanda kuma yake ganin zato makami ne mai kyau muddin yana hannunsa, ya tuna Uromi. A ƙarshen watan Maris 2025, mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin sallah aka tare motarsu a wannan gari na jihar Edo. Aka ga bindigogin farauta, aka ga kamanninsu, aka ji harshensu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Mutanen garin su ma an sha sace musu 'yan uwa, su ma sun gaji, su ma cewa suka yi gara a yi kuskure. Hujjar da muka ji tana da ƙarfi ɗazu, ita ce dai suka riƙe, sai dai a wannan karon mu ne masu tabon. Babu Bahaushen da ya ji labarin nan ya ce ai suna da uzuri.

Akwai kuma wani abu a labarin Peter Hale da ya kamata mutumin Zamfara ya tsaya a kai. Me ya ƙona shi? A cikin fim ɗin akwai wani dangi na mafarautan dodanni, suna da ƙa'idar cewa ba sa taɓa kowa sai wanda aka tabbatar ya zubar da jinin mutane. Ɗaya daga cikinsu, Kate Argent, ta ga ƙa'idar nan ɓata lokaci ce, ta banka wa gidan su Peter wuta da manya da yara a ciki, har da waɗanda mutane ne zalla. Wanda ya tsira daga wutar shi ne ya tashi bayan shekara shida ya zama abin da ake tsoro. Mafarauciya ita ta haifi dodon. Masu binciken da suka bi diddigin rikicinmu, irin su Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sun nuna cewa kisan da 'yan sa kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni da hanyoyi bisa zargin satar shanu, ba tare da kai su gaban alƙali ba, yana cikin abubuwan da suka tura matasa da yawa daji. Wannan ba wanke ɗan bindiga ba ne. Wanda ya ƙona rumbu ya yi wa mata fyaɗe ya karɓi kuɗin fansa azzalumi ne ko me aka yi wa ubansa, kamar yadda shi ma Peter fim ɗin bai wanke shi ba, tunda 'yar 'yar uwarsa ya fara kashewa don ya sami ƙarfi. Magana ce ta lissafi: duk marar laifin da aka kashe da zato yana da ƙane, kuma daji a buɗe yake. A rabin ƙarshe na zango na shida ma, marubutan sun kawo wata halitta da abincinta tsoro ne, mutanen gari suka ɗauki bindigogi, 'yan makaranta suna yankar hannun juna don a ga wanda rauninsa zai warke da wuri. A nan an daina tambayar wane ne dodon, don garin ne gaba ɗaya ya rikiɗa.

Wani lokaci ma abin da ke kisan ba mutum ba ne sam. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. A farkon 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, amai da suma da jijjiga, irin ciwon nan da in ya kama yaro a wurinmu nan da nan ake cewa iska ce ko kamun maye. Likitocin ƙungiyar MSF sun ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba, sai da aka auna jini sannan aka gano gubar dalma ce. Duwatsun zinariyar da ake kawowa cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, su ne ke cike da ita, ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu. A Dareta da Yargalma bincike ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda. Dodon yana cikin turmi, iyaye mata da hannunsu suke daka shi don neman abin sa wa a baki, ba su sani ba. Da an tsaya neman tsohuwar da za a ɗora wa, da an same ta, domin kowane gari yana da tsohuwa, yara kuma su ci gaba da mutuwa. Abin da ya tsayar da mutuwar shi ne awon jini da kwashe gurɓatacciyar ƙasa da fitar da niƙan daga cikin gidaje.

To idan kuma mutum ne, kuma da gaske ya aikata fa? Nan ma akwai sauran tambaya. Jackson na fim ɗin wani ne ke sarrafa shi: da farko Matt, yaro mai ɗaukar hoto da ba wanda ke kula da shi, daga baya Gerard, dattijo mai furfura, shugaban makarantar, wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan a kashe dodanni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya ambaci hannun wasu masu sarauta da wasu jami'an tsaro a cikin lamarin, a watan Afrilu 2022 kuma aka tuɓe sarakuna biyu da hakimi ɗaya. Su an kafa musu kwamiti, an saurare su, an rubuta rahoto. Ɗan acaɓan da aka gani da galan ɗin fetur, ko matar da aka gani da buhun burodi a hanyar daji, su wa ya saurare su? A cikinsu akwai mai kwaɗayi da ya sayar da maƙwabcinsa, akwai kuma wanda ɗansa ke hannun mutanen daji aka ce ya kawo ko a yanka. Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, kuma sanda ba ta iya bambance su.

Tarihinmu yana da shari'ar infoma guda da ta dace a riƙa karanta wa matasa. A shekara ta 8 bayan hijira, lokacin da Manzon Allah (SAW) yake shirin tafiya buɗe Makka a asirce, wani sahabi mai suna Haɗib ɗan Abi Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa takarda yana sanar da su, ya ba wata mata ta kai. Aka tura Sayyidina Ali da Zubairu da Miƙdad suka cim mata a hanya, ta musa, da suka matsa ta ciro takardar daga cikin kitsonta. Ki lura da yadda abin ya bi. Ba a taɓa Haɗib ba sai da takarda ta zo hannu. Da ta zo, Sayyidina Umar ya nemi izinin sare wuyansa, amma aka kira shi aka tambaye shi dalili. Ya bayyana cewa shi ba asalin Baƙuraishe ba ne, iyalinsa suna Makka ba su da dangin da zai kare su, ya so ya yi wa mutanen wata alfarma don su ƙyale masa su. Aka karɓi bayaninsa, aka tuna masa halartar Badar, aka bar shi da ransa. Laifin bai zama daidai ba, farkon Suratul Mumtahana a kansa ya sauka. Amma ga asirin yaƙi, ga hujja a rubuce, ga mai laifi ya amsa, duk da haka sai da aka ji ta bakinsa. Mu kuwa an ce an ce ta ishe mu. Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci, ta kuma hana yawan zato da leƙen asirin juna, kuma waɗanda aka fara yi wa wannan umarni suna zaune ne da munafukai na gaske a cikin garinsu, a sahu ɗaya suke salla.

Kada a fahimce ni cewa a saki baki a kwanta. Taka-tsantsan daban, zargi daban, kuma gane su ba wuya: taka-tsantsan ke za ki biya kuɗinsa, zargi wani ne zai biya. Idan kika daina faɗin nawa maigida ya sayar da shinkafa a gaban yara da 'yan aike, kika hana ɗiyarki sanar da ranar da za a kawo lefe a waya, kika bincika asalin manemin da ya zo da sabon babur da kuɗin da ba a san sana'arsu ba, babu wanda kika zalunta, ko da mutumin na kirki ne. Abin da tatsuniyar mai tabo ke koyarwa ke nan. Ba ta ce a fita a kashe kyawawan samari ba, cewa ta yi a duba kafin a ba da ɗiya. Idan kuma kin ga wani abu da idonki, ba mafarki ba, ba ji-ta-ji-ta ba, to ki gaya wa maigida ko wani dattijo da aka amince da shi a kai inda za a bincika, ki faɗi abin da kika gani iyakarsa, kada ki ƙara masa gishiri. Wadda kuma ta kawo miki suna a gidan biki, tambaya ɗaya ta ishe ta: “Yaya, ke kika gani, ko gaya miki aka yi?” Sau tara cikin goma za ki ji ta fara in-ina.

Wuri ɗaya ne na san mace tana da cikakken ikon bincike, kuma nan ne muka fi kawar da kai. Uwa ta san abin da ɗanta ke samu. Ta san kwana nawa ya yi bai je gona ba, ta san ba ya sana'ar da za ta sayi wayar da ke hannunsa, tana jin sa yana fita bayan gida ya amsa kira cikin raɗa da tsakar dare. Matar aure ta san daren da mijinta bai kwana gida ba da abin da aka wayi gari da shi. Leƙen gidan maƙwabciya an hana mu, amma tarbiyyar wanda muka haifa an ɗora mana. Zargin tsohuwar ƙarshen layi ba ya buƙatar ƙarfin hali, kowa zai taya ki. Mai wuya shi ne ranar da ɗanki ya shigo da buhun shinkafa da galan ɗin mai ya dire a ƙofar ɗakinki, gidan kuma an kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, ki dube shi ki ce, “Ɗan nan, zauna. Ina ka samo?” kuma ki bar buhun a ɗaure har sai ya ba ki amsa.